Ranar da Na Bugi Iska Sau Uku

Dauda ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a bayan motar nan, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe, ya ba direbanku ido da haƙuri, ya sauke ku Jos da sauran rana, ko ciwon kai babu. Amin.

Na ce kada ka buɗe sai mota ta yi nisa don na san halinka. Da a tsakar gida na ɗauko maganar nan, da ka sunkuyar da kai ka ce "To, Mama," ka sulale waje, ni kuma in yi ta zuba har in manta abin da na nufa. A takarda kuwa ba ka da ƙofar fita, ni ma ba ni da ita. In ka ga rubutu ya karkace ka yi haƙuri, aji uku na mishan iyakarsa ke nan.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yau ka baro shi. Maganar Asabar ce. Kawunka Bulus ya sha zirga-zirga kafin ya samo maka wannan dama a kulob ɗin da yake aikin kuku: ka buga rami tara a gaban manyansu, in hannunka ya yi musu su ɗauke ka, ka koyi aikin koyar da golf. Mulkin kai ya zo, Turawa na ta ɗaure kaya, 'yan ƙasa na shiga wasan ba mai nuna musu. Kai kuwa ka ce Jos za ka je, amma wajen haƙar kuza, sanda kam kun rabu har abada. Amma ranar Lahadi bayan sujada na bi ka filin golf, na laɓe bayan ɗorawar nan ta rami na huɗu, na ga abin da ke cin ka. Ka ɗora ƙwallo, ka gyara ƙafa, ka sake gyarawa, ka dubi yatsunka, ka saki sanda ka sake kamawa, leɓenka na motsi kamar mai haddar aya. Na ƙirga har sittin a raina, sanda ba ta ɗaga ba. Daga ƙarshe ka sunkuya ka ɗauke ƙwallonka ka sa aljihu.

Na san ciwon nan, Dauda. A gidanmu ni na fara yin sa. Akwai labarin da na hana kowa ya gaya maka, yau ni zan faɗa da kaina.

Kana shekara bakwai muka baro ƙauye, babanka ya samu aikin gyaran fili a kulob ɗin Turawa. Ka san aikin, a ciki ka tashi: a tankaɗe yashi, a kwaɓa shi da baƙin man mota, a shimfiɗa kewaye da rami, a ja buhu a kai har ya yi sumul. Ni nake kai masa abinci da tsakar rana, lokacin da ba Baturen da zai fito ya tsaya cikin zafin Bauchi. Wata rana na tarar da wata sanda a gefensa. Wani Bature ne haushi ya kama shi ya karya ta a jikin itace ya jefar cikin ciyawa, babanka ya tsinci kan ƙarfen ya sa masa ƙotar gora, wai don macizai. Akwai kuma tsohon ƙwallo mai tsaguwa a gefe. Yana cin tuwo, ni ba abin yi, sai na aje ƙwallon a ƙasa, na dubi kukar nan ta can ƙarshen fili, na zabga masa sanda kamar yadda muke bugun dawa a kan falalen dutse a gida.

Ƙwallo ya tashi, ya yi ta tafiya, ya haye kukar ya ɓace.

Babanka ya tsaya da loma a hannu. Ya ce, "Uwar Dauda, sake."

Na ce, "Da me? Ai ya tafi."

Ya aje lomar, ya wanke hannu, ya shiga ciyawa da kansa ya nemo mini shi.

In ka tambaye ni abin da ke kaina a wannan bugun, ba komai. Na ga inda nake so ya je, na buga. A ƙauye mu mata goma sha muke jeruwa a kan dawa, sanduna su tashi tare su sauka tare, tun safe har rana ta karkata, kuma ban taɓa jin an ce wa yarinya ga inda gwiwar hannu take zama ba. Ki tsaya kusa da yayarki, ki yi abin da take yi, shi ke nan.

Na yi wata da watanni ina wannan wasa, daga ni sai babanka sai balbelu. Sai ranar nan matar likitan shanu, wadda duk muke kira Uwargida, ta fito neman karenta ta gan ni. Shekara da shekaru tana wasan, ƙwallonta bai taɓa kai rabin nawa ba. Ta tsaya riƙe da baki. Da Hausarta irin ta Turawa ta ce, "Saratu, kai yana da hannu mai kyau sosai. Amma duka ba daidai ba."

Mace ce mai kirki, kada ka ji na zarge ta. Ta ware mini kowace Talata. Ta gyara mini riƙo, yatsa kaza ya hau kan kaza. Mako na gaba gwiwa. Na gaba hannun hagu kada ya lanƙwashe. Kai ya tsaya ƙasa kada ya ɗaga. Ƙugu ya juya kafin kafaɗa, ko kafaɗa kafin ƙugu, har yau ban tabbata ba. Ta kawo mini wani littafi mai hotunan wani mutum da 'yar hula, an zazzana masa layuka a jiki kamar ana shirin yanka masa riga. Turanci ba na ji, sai na kai wa akawun kulob ya fassara mini. Akawun bai taɓa bugun ƙwallo ba a rayuwarsa, amma bayan ya karanta sai ya ƙara nasa a kai. Audu kuku ya ji, shi ma ya kawo nasa. Ka kuma san bakina, ba ya riƙe magana. Har kasuwar Wunti na kai zancen, wurin telanmu, wanda ko filin bai taɓa gani ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce lalle matsalar daga ɗaurin zanina ne. Wallahi na dawo gida na canja ɗauri.

Kuskurena na farko ke nan. Ba ni da ciwo na tafi neman magani, kuma duk wanda ya miƙo na haɗiye. Kai da za ka shiga garin da kowa ke ganin ya iya, ka ji wannan: kada ka karɓi gyara daga mutumin da bai tsaya ya ga bugunka ba, ba sau ɗaya ba, sau da yawa. Malami ɗaya ya ishe ka. Sauran in sun faɗa ka ce ka gode, da ladabi, ka bar maganar a inda aka yi ta. Yawancinsu ba mugunta ba ce, daɗin faɗa ne kawai, irin wanda ni ma nake ji.

To, ga ranar. Kowace shekara bayan Kirsimeti Turawa kan bar wa ma'aikata fili na safiya ɗaya. Kuku da boyi da masu gadi da masu ɗaukar jaka su buga, Turawa su riƙe musu jaka suna dariya. Mace ba ta taɓa shiga ba. Uwargida ta sa sunana, ta kuma bi ƙawayenta gida gida ta ce su zo su ga abin mamaki. Kyautar shekarar jakar sanduna ce ta wani Bature da zai koma gida. Kai kana ƙauye wurin kakarka, na gode Allah.

Na ɗaura sabon zane. Aka kira sunana. Na ɗebi jiƙaƙƙen yashi na matse shi ya yi ɗan tudu, na ɗora ƙwallo a kai. Mutane sun kewaye ni, fari da baƙi. Sai na fara bi ɗaya bayan ɗaya: yatsu, gwiwa, hannu, kai, ƙugu. Abu tara nake da su. Ina kan na shida na manta ko na yi na uku, na koma farko. Kukar da nake dubawa a da ko tunawa da ita ban yi ba. Na ɗaga sanda kamar wadda aka ba aron hannu, na sauke.

Iska na buga. Ƙwallo na zaune a kan tudunsa.

Uwargida ta ce a hankali, "Kai ƙasa, Saratu." Na ƙara wannan a kan tara, suka zama goma. Na sake bugawa. Iska.

Sai na ji muryar Audu kuku daga baya: "Uwar Dauda, ƙudan dai ya mutu. Saura ƙwallon."

Aka fashe da dariya. Na uku na sa duk ƙarfina don haushi, na sake bugun iska, na juya kamar katantanwa har ɗankwalina ya faɗi. A na huɗu na sari ƙasa, yashi ya cika mini baki, ƙwallo ya gangara taku uku ya tsaya. Na aje sanda, na ɗauki ɗankwalina, na kama hanyar gida ban waiwaya ba.

Ka san wa ya ci jakar? Baffa Buba, tsohon nan Bafillace mai gadi, wanda shanunsa suka ƙare ya shigo gari. Ka tuna shi, shi yake ba ka kindirmo. Riƙon sandarsa irin na kiwo ne, tsayuwarsa a karkace, bugunsa ba kyan gani, ƙwallonsa ba ya nisa. Amma kullum gaba yake yi. Bayan kwana biyu ya zo wucewa ta ƙofarmu ya same ni ina wanki da kumburarrun idanu. Ya tsuguna ya ce, "'Yata, me kike nema a jikin ƙwallon nan da kika daɗe haka? Ko rubutu ne a kai?"

Na ce, "Baffa, abu tara nake tunawa."

Ya ce, "Tara. To, ni ɗaya gare ni: can nake so ya je. Da ina kiwo, in saniya ta nufi gonar mutane, jifa nake da sanda ta juyo. In na tsaya lissafin kafaɗa, ai sai dai mu haɗu da mai gona a gaban alƙali."

Na yi dariya, amma maganar ba ta shige ni ba sai bayan shekaru. Kai ina so ta shige ka yau. Tunani yana da wurinsa, ba na ce ka zama marar kai ba. Wurinsa bayan gida ne, ranar da ba kowa, kana gwada abu ɗaya kana maimaitawa. Amma in ka tsaya a kan ƙwallo ana wasa, lokacin tunani ya wuce. Ka dubi inda za shi, ka zaɓi itace ko dutse ko rufin wani ɗaki, ka dawo da ido, ka buga kafin numfashi na uku. In ka ji lissafi ya taso, ka ja da baya, ka sake tahowa. Gara ka ja da baya sau biyu da ka kafe a wurin kamar turke.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don shi da gangan na yi. Na daina. Ba sanda kaɗai na bari ba, har da mutane. Abincin babanka ma sai na riƙa aikawa. Uwargida ta zo ƙofarmu sau biyu, tana tsaye cikin rana, na ɓuya bayan ƙyaure na sa maƙwabciya ta ce na tafi gona a ƙauyen Inkil. Da aka yi wa mijinta canji suka tashi, ban je sallama ba. Matar da ta ba ni Talatarta ta wata shida.

A raina na ɗora mata laifin duka, na ce koyarwa ce ta lalata ni. Ba gaskiya ba ne. Kafin ta zo, cikin bugu biyar guda biyu sukan karkace dama su faɗa ciyawa, babanka shaida ne, shi yake nemowa. Riƙon da ta gyara mini a makon farko shi ya kashe wannan. Da na tsaya a kansa wata biyu har hannuna ya riƙe shi kaina ya manta, sannan na koma na ce a ba ni na gaba, da labarin ya canja. Ita ta yi gaggawar bayarwa, ni na yi haɗamar karɓa. Ko tulu ma ba rana ɗaya na iya ɗauka ba. Da farko hannu biyu nake riƙewa, ido a ƙasa, ruwa na zuba a wuyana. Yanzu ina tafe da shi ina hira ina waiwaye, ban ma san yana kaina ba. Da zan tsaya in tambayi wuyana yadda yake yi, ranar zai fashe.

Don haka in Allah ya sa suka ɗauke ka, za su koya maka abubuwa, kuma wasunsu za su saɓa wa abin da ka saba. Kada ka ce Mama ta ce koyarwa banza ce. Ban ce ba. Ka karɓi ɗaya, ka tafi da shi ka yi ta bugu har ya zama naka. In malamin ya miƙo na biyu tun na farko bai zauna ba, ka roƙe shi ya riƙe maka shi tukuna. Malamin kirki ba zai ji haushi ba. Ranar da kai ma ka zama mai koyarwa, wani babban ma'aikaci ya zo gabanka da tumbinsa da sabbin sanduna, ka tuna da ni. Ka bar shi ya buga goma tukuna ka gani. In ka ga laifi tara, faɗi ɗaya, ka haɗiye takwas. Ka kuma faɗa masa abin da yake yi daidai, don shi ba wanda ya taɓa gaya mini bayan ranar farko.

Sannan maganar kunya. Na ɗauka duk Bauchi, daga Ƙofar Ran har barikin Turawa, ba abin da ake yi sai zancena. Shekaran jiya kaɗai na iya tayar wa Audu kuku maganar, bayan duk shekarun nan, na ce masa ƙudansa ya hana ni barci. Ya dube ni ya ce, "Wane ƙuda?" Da na tuna masa, ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi a wannan ranar ƙwallonsa tagar ɗakin ajiya ya fasa, tsoron kora ya hana shi ganin kowa. Ka ji. Kowa na fama da tasa tagar. Kunyar safiya ɗaya ce, ni na yi ta renonta shekara tara kamar 'yar da na haifa.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki alƙalami. Tun ɗazu nake kewaye-kewaye don kada in iso.

Kana shekara goma sha biyu ka fara bugu da yamma bayan an tashi. Ba wanda ya koya maka, idonka ne kawai ya kwashe daga masu wasa. Da gudu kake zuwa wurin ƙwallo, kana fito, ka ɗan tsaya ka zabga, ka bi shi da gudu. Na ga Turawa sun dakatar da hirarsu a baranda suna kallonka. Ni da na rantse na bar filin, ta katanga nake leƙenka.

Sai na buɗe akwati na ciro littafin nan daga ƙasan zannuwa.

Na ce wa kaina don kada ka sha kunya irin tawa ne. Ƙarya nake. So nake ka wanke mini tawa. Na fara tsayawa a bayanka: "Kai ƙasa. Hannunka. Gwiwa, Dauda." Kana cin abinci ina nuna maka riƙo da muciya. Ka buga mai kyau, maimakon in ce madalla sai in ce ƙugunka ya riga kafaɗa. Ni da na kasa taɓa ƙwallo sau uku a jere. Kai kuma yaro mai biyayya, ga ka da Turanci, ka karance littafin kaf, ka riƙa karɓo wasu daga Turawan da ke tashi. Tara tawa ta zama ashirin a wurinka.

Wata rana babanka na tankaɗe yashi, bai ko ɗago ba, ya ce, "Uwar Dauda, yaron nan ya daina fito."

Na ce, "Girma ne ya zo."

Ya ce, "A'a."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ci gaba da tankaɗe. Na gane sarai, na yi kamar ban gane ba. Da takardar kawunka ta zo kuwa sai na ninka. Safe gyara, yamma gyara, har a hanyar majami'a. Ranar Lahadi da na ga leɓenka na motsi daga bayan ɗorawa, ba sai an gaya mini abin da kake karantawa ba. Muryata ce. Ni ce na tsaya tsakaninka da ƙwallon, ko da ba na wurin.

Ka yafe mini, ɗana. Ba hannunka ne ya lalace ba, ba kuma zuciyarka ce ƙarama ba. Kaya na ɗora maka waɗanda ba naka ba. Na sauke su yau. Ba wanda yake bin ka wankin kunya, ni tawa ta ishe ni kuma na iya da ita.

Ga abin da nake roƙo. Kuna isa yau Laraba, kana da kwana biyu. Kada ka tsaya gaban madubin kawunka kana duba kafaɗa. Ka fita da sassafe ka sami samarin da ke aiki a filin, ka ce su zo ku buga na wasa, wanda aka ci ya goya wanda ya ci, irin yadda kuke yi da. Jos akwai sanyi, ka sa rigar ulun da na saƙa maka ko da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ka ɗumama yatsunka a hammata kafin ka kama ƙarfe. In ka kai kan yashi kusa da rami kuwa ba ni da abin faɗa maka. Ɗan mai yashi ne kai, da tafin ƙafa kake gane inda ya yi nauyi da inda mai ya yi yawa, ba wanda zai fi ka a can. Ranar Asabar da safe wani zai matso ya ce bari ya ɗan nuna maka wani abu. Kullum akwai shi. Ka gaishe shi da kyau, ka ce sai an tashi.

In kuma ka bugi iska a gaban manyan nan, ka riga kowa dariya, ka sake bugawa. Ana ƙirga shi bugu ɗaya ne, ba a kashe mutum a kai. Abin da ya kayar da ni ba ukun nan ba ne, aje sandar da na yi ne. Rami tara ne a gabana ranar, ban ga ko na farko ba.

Kuma kada ka ce na rena kuza. Rabin mazan ƙauyenmu can suka yi ƙarfinsu, da guminsu aka rufa ɗakuna da kwano. In ka buga taranka suka ce ba ka yi musu ba, ka ɗauki diga da kanka a sama, ni zan fi kowa alfahari da kai. Abin da ba na so shi ne ka shiga ramin kuza don ɓuya, kamar yadda na ɓuya bayan ƙyaure. Na san yadda wurin yake, ba iska.

Bari in gaya maka abin da na yi ranar Litinin, kana kasuwa sayen akwati. Na ɗauki abincin babanka da kaina na kai fili. Na jawo jakarka daga ƙarƙashin gado inda ka tura ta, na zari sanda ɗaya na tafi da ita cikin zane. Ya gan ni, ya laluba aljihu ya mirgino mini ƙwallo. Na farko iska. Ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware, ni ma na zauna a ƙasa ina yi. Na biyu ya yi birgima kamar ɓera. Na uku haka. Na ce a raina, to, Saratu, ba mai kallo sai mijinki, shi kuwa ya ga abin da ya fi wannan. Na dubi wani surin gara can gaba, na buga. Dauda, ƙarar nan ta dawo, wadda kake ji a hannu kafin ka ji a kunne. Bai yi nisan da ba, ƙugu ya yi nauyi, amma ya tashi ya tafi sak. Shekara tara yana nan cikin hannuna yana jira in yi shiru. In nawa bai gudu ba, naka na wata uku ina za shi?

Saura abu ɗaya, shi ma laifi ne, amma wannan ban yi nadama ba. Dogon ƙunshin nan na tabarma da aka ɗora muku a saman mota, wanda na ce rake ne na kawunka, na kuma yi ta faɗa da ɗan kamasho kada ya ɗora buhu a kai. Rake biyu ne kawai a ciki, waɗanda kawunansu suka leƙo. Sauran sandunanka ne, duka, babanka ya goge su ɗaya ɗaya da tsumma, shi ya ɗaure da hannunsa. Ƙaryar tawa ce, zan nemi gafararta ranar Lahadi. Kai da kanka ka ɗauko su daga gida har tasha a kafaɗarka, kana cewa raken bana da nauyi.

In kun sauka suna hannunka. Ba na wurin, ba zan tsaya a bayanka ba, ba abin da zan ƙara faɗa a kan gwiwa ko ƙugu har in mutu. Ban ce sai ka ci ba. Na ce ka je ka buga.

Ubangiji ya yi maka jagora a fitarka da shigarka. Ya tsare ka daga zazzaɓi da mugun aboki da sanyin dutse, ya ba ka farin jini wurin manya, ya kwantar maka da zuciya ranar Asabar. Ka gaida kawunka da iyalinsa, ka ba shi rake ɗaya don kada maganata ta zama ƙarya gaba ɗaya. Babanka na gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah ya sada mu da alheri. Amin.

Ni ce mamarka,
Saratu